Yadda Ake Nazarin Ƙwayoyin Ciwon Daji Masu Rai da Warwatsuwar Haske

Likitan da ke duba nama a ƙarƙashin madubin ƙara girma, abin da ya fi kafa wa ido shi ne cibiyar ƙwaya, wato dunƙulen da ke tsakiyar kowace ƙwayar halitta ta jiki. In ya ga cibiyoyi sun kumbura, sun sha rini sun yi duhu, sun cunkushe, kuma babu biyu masu girma ɗaya, sai ya fara zargin ciwon daji. To amma kafin naman ya iso gabansa an riga an yanko shi, an jiƙa shi a fomalin, an yayyanka shi sirara an rina. Gawa yake dubawa. Ba shi da halin komawa bayan awa biyu ya ga yadda wannan ƙwayar ta koma da aka zuba mata magani.

Hanyar da zan yi bayani a kanta ta zo ne don ta cike wannan giɓi. Ana haska ƙwayoyin da farin haske suna raye a farantinsu, a tattara hasken da ya dawo, a rarrabe shi launi-launi, sannan daga yadda ƙarfinsa ke hawa da sauka a ƙiyasta girman abubuwan da ke cikin ƙwayar. Babu rini, babu yanka. Sai dai akwai maganar da nake so ka riƙe tun daga nan har ƙarshe: haske kawai na'urar take aunawa. Duk lambar da ka rubuta ka ce girman cibiya ce, fassararka ce, kuma kusan duk wahalar aikin ta tafi ne wajen tabbatar da cewa fassarar ta tsaya da ƙafafunta.

Abin da haske ke yi a cikin ƙwaya

Haske igiya ce, kuma kowane launi da tsawon zangonsa, kamar yadda tashoshin rediyo ke da gajere da matsakaicin zango. Wanda ido ke gani yana tsakanin nanomita 400, wajen shuɗi, zuwa nanomita 700, wajen ja. Nanomita 1,000 ne ke yin maikiromita ɗaya, cibiyar ƙwaya kuwa 'yan maikiromita ce.

Kowane abu da haske ke ratsawa yana da lambar lanƙwasa, wato gwargwadon yadda yake rage wa haske gudu. Ta ruwa 1.33 ce, ta gilashi kusan 1.52, ta cikin ƙwaya kuma tana wajen 1.36 zuwa 1.40. Duk inda wannan lamba ta canza, ko da kaɗan ne, wani ɓangare na hasken zai kauce hanya. Wannan shi ne warwatsuwa. Launin hasken bai canza ba, hanyarsa ce ta canza. Kada ka haɗa shi da irin warwatsuwar da C. V. Raman na Indiya ya gano a 1928, wadda a cikinta launin kansa ke gusawa. Waccan sinadarai take nunawa, wannan kuwa siffa da girma.

Idan abin ya yi ƙanƙanta sosai a kan zangon hasken, ya fi watsa shuɗi nesa ba kusa ba. Lord Rayleigh na Ingila ya nuna a 1871 cewa ƙarfin yana raguwa gwargwadon zango sau zango sau zango sau zango, shi ya sa sama take shuɗiya. Idan abin ya girmi zangon, kamar ɗigon ruwa a gajimare, wannan gangara daga shuɗi zuwa ja takan kwanta, sai wani abu ya bayyana: hawa da sauka a jere. Gustav Mie na Jamus ne ya fitar da cikakken lissafinsa ga abu mai siffar ƙwallo a 1908, kuma har yau da lissafinsa ake aiki.

Dalilin hawa da saukar ba shi da wuyar fahimta. Wani haske ya dawo daga fuskar cibiya ta gaba, wani ya shige ya dawo daga ta baya. Na biyun ya yi tafiyar da ta fi ta na farko da kaurin cibiyar sau biyu. A wani zango igiyoyin biyu sukan haɗu su ƙara wa juna ƙarfi, a wani su kashe juna. Tazarar da ke tsakanin tudu da tudu kusan ita ce zango sau zango, a raba da biyu sau lambar lanƙwasa sau kauri. Ɗauki zango 550 da lamba 1.4: cibiya mai maikiromita 5 za ta ba da tudu kowane nanomita 22 ko kusa da haka, mai maikiromita 10 kuma kowane nanomita 11. Cibiya na girma, tuddan na matsewa.

A 1998 Lev Perelman da Vadim Backman da abokan aikinsu a ɗakin gwajin Michael Feld da ke MIT a Amurka suka wallafa cewa ana iya ciro girman cibiyoyi daga irin wannan tsari a cikin hasken da nama ya mayar. Sun kwatanta lafiyayyun ƙwayoyin hanji da ƙwayoyin dajin hanji na layin T84 (layi a nan zuriyar ƙwayoyi ce iri ɗaya da ake renonta a ɗakin gwaji), inda cibiyoyin na dajin suka kai wajen maikiromita 10, sun fi na lafiyayyun girma sosai. A 2000 suka nuna a mujallar Nature an gwada hanyar a jikin mutane, a hanji da mafitsara da maƙoshi da cikin baki. Abin da ya sa ta dace da wannan aiki shi ne mafi yawan ciwon daji a shimfiɗar ƙwayoyin da ke saman gaɓoɓi yake farawa, inda haske ke isa cikin sauƙi.

Mataki na farko: tsayar da tambaya ɗaya

Tambayoyi iri biyu ne aka saba yi. Ko dai ka ce, ƙwayoyin daji sun bambanta da lafiyayyu? Ko ka ce, me ke faruwa da waɗannan ƙwayoyin a cikin awanni bayan an ba su magani? Ga mai farawa, ni na fi ba da shawarar ta biyu. A nan hanyar ta fi ƙarfi, don kowane faranti shi ne ma'aunin kansa: ka auna shi kafin magani, ka auna wuri ɗaya bayan magani. Ta farkon tana buƙatar ka amince da lambobi tsagwaronsu, kuma wannan amincewar sai an daɗe ana aiki ake samunta.

Mataki na biyu: haɗa na'ura

Kana bukatar fitila mai ba da duk launuka. Fitilar zenon tana da ƙarfi har wajen shuɗi, amma tana fitar da hasken da ya wuce shuɗi mai cutar da ƙwaya da ido. Fitilar halojin ta fi natsuwa da sauƙin sha'ani, sai dai ta yi rauni a ƙasa da 450. Ko wacce ka ɗauka, sa mata matacin da ke tare duk abin da ke ƙasa da 400, da wani mai tare zafi, da murfin da ke buɗewa lokacin awo kaɗai.

Daga fitila hasken ya bi ta lensi ya zama miƙaƙƙe, ya ratsa matacin fuska na farko, wanda ake kira folaraiza, don duk igiyoyin su riƙa kaɗawa ta fuska ɗaya. Ya sauka kan ƙwayoyin. Wanda ya dawo ya bi ta folaraiza na biyu da ake iya juyawa, sannan lensi ya tura shi cikin zaren gilashi zuwa sifektiromita, na'urar da ke rarrabe haske launi-launi ta miƙa wa kwamfuta. Tunda tuddan da muke nema kan matse har nanomita 11, sifektiromitar ta iya bambance nanomita 1 zuwa 2.

Amfanin folaraiza biyun shi ne wannan. Hasken da ya bugi abu sau ɗaya ya dawo yakan riƙe fuskar da ya zo da ita. Wanda ya yi ta yawo yana karo da abubuwa yakan manta da ita, ya dawo rabi ta nan rabi ta can. Saboda haka sai ka auna sau biyu, ɗaya folaraizan suna daidai da juna, ɗaya sun gitta, ka cire na biyu daga na farko. Abin da ya rage galibinsa hasken da ya warwatsu sau ɗaya ne. A cikin nama wannan 'yan kaso kaɗan ne cikin 100 na duk abin da ya dawo, shi ya sa cirewar ta zama dole. A shimfiɗa guda ta ƙwayoyi a kan gilashi matsalar ba ta kai haka ba, amma ka yi duk da haka.

Abubuwa biyu ne suka fi kayar da mutane a nan. Na ɗaya ƙyallin gilashi. Fuskar gilashi da ke kallon iska tana mayar da kusan 4 cikin 100 na haske kai tsaye, wadda ke kallon ruwa kuma kusan 0.4 cikin 100, kuma ko wannan ƙaramin ya isa ya binne abin da ƙwayoyin suka aiko. Mafi muni, ƙyalli yana riƙe fuskarsa, don haka cirewar da muka yi a sama ba ta taɓa shi. Maganinsa a karkatar da farantin ko hasken da 'yan digiri har ƙyallin ya wuce ta gefe bai shiga zaren ba. Ɗora farar takarda a kusa da lensin tattarawa, za ka ga ɗigon ƙyallin da idonka, ka yi ta karkatarwa har ya fita sarai.

Na biyu faɗin kusurwar da kake tattara haske. Matsayin tuddan yana gusawa da kusurwa. In ka buɗe lensi ya haɗiye kusurwoyi da yawa a lokaci ɗaya, tudun wannan ya faɗa kwarin wancan, layin da kwamfuta ke zanawa na ƙarfi da zango ya fito sumul babu labari. Matse ƙofar ka yarda da ƙarancin haske. Kuma ka auna kusurwar ka rubuta, don lissafi zai nema.

Mataki na uku: ƙwallaye kafin ƙwayoyi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ƙwaya ko ɗaya ta hau na'urar, sai na'urar ta ci jarrabawa a kan abin da ka riga ka san amsarsa.

Fara da zango. Fitilar makuri tana fitar da haske a zanguna sanannu, nanomita 435.8 da 546.1. In sifektiromitarka ta nuna su a wani wuri dabam, gyara. Daga nan ɗauki awon duhu, murfi a rufe. Sai awon fari, daga allon da ke mayar da kusan duk launuka daidai, irin su Spectralon. Wannan ne ke cire halin fitilarka da na na'urarka daga sakamako: kowane awo za ka cire masa duhu, ka raba shi da fari wanda shi ma aka cire masa duhu.

Sannan ka samo 'yan ƙwallayen folistirin, wato wata irin roba, masu girma sananne, lambar lanƙwasarsu wajen 1.59. Ɗauki girma biyu ko uku, misali maikiromita 1 da 5 da 10. Tsarma su sosai a ruwa, don in sun yi yawa hasken zai yi ta karo a tsakaninsu. Auna su a irin farantin da za ka yi aiki da shi. Ka kwatanta da lissafin Mie. Akwai manhajoji na kyauta irin su MiePlot da miepython. Tuddan da ka auna su zauna a kan waɗanda aka lissafa, girman da ka ciro kuma ya dace da na jikin kwalbar. In bai dace ba, tsaya a nan. Na'urar da ta kasa auna ƙwallo mai santsi ba za ta auna cibiya ba.

Amma ka sani cewa folistirin a ruwa jarrabawa ce mai sauƙi, don bambancin lambarsa da ta ruwa babba ne. Ƙara masa wuya: zuba ƙwallayen a ruwan da aka haɗa da gilisarin, lambar ruwan ta tashi, bambancin ya ragu, ka ga ko har yanzu kana iya cirowa.

Mataki na huɗu: ƙwayoyin kansu

Zaɓi layi biyu daga gaɓa ɗaya in za ka yi kwatance, kamar MCF-7 na dajin nono da MCF-10A wanda ba ya haifar da ƙari. Tabbatar cewa abin da ke kwalbarka shi ne abin da aka rubuta a jikinta. Ƙwayoyin HeLa, waɗanda aka ɗauka daga jikin Henrietta Lacks a Baltimore a 1951 ba tare da an nemi yardarta ba, sun mamaye layuka da dama a ɗakunan gwaji na duniya, mutane suka yi shekaru suna aiki a kan abin da ba shi suke zato ba. Gwajin tantance ƙwayoyin gado yana warware wannan. Yi gwajin maikofilazma kuma, don waɗannan ƙananan ƙwayoyin cuta ba sa gurɓata ruwan reno yadda ido zai gani, amma suna canza halin ƙwayoyin.

Rene su a faranti mai gindin gilashi, irin mai kaurin milimita 0.17. Farantin roba yana murɗa fuskar haske saboda yadda aka zuba shi a masana'anta. Sa ɗaya tsakanin folaraiza biyu da suka gitta, za ka ga launuka suna yawo a jikinsa inda ya kamata a ga baƙi ƙirin. Wannan kaɗai ya isa ya rusa dabarar cirewa.

Ruwan reno na yau da kullum ja ne saboda rinin fenol da ake sawa don a ga tsaminsa. Wannan rini yana shanye haske wajen 560 da wajen 430, kuma gwargwadon shanyewar yana canzawa in tsamin ruwan ya canza. Ka ga ke nan layinka zai riƙa motsi alhali ƙwayoyin ba su yi komai ba. Kafin awo, wanke su a hankali ka sauya da ruwan reno marar rini ko ruwan gishiri mai ɗumi da ke ɗauke da kalsiyam da magniziyam, don in babu waɗannan ƙwayoyin kan saki gilashi su dunƙule.

Yanzu maganar rai. A inkubeta suna zaune a digiri 37 na ma'aunin Salsiyos, da iskar kabon 5 cikin 100, tsamin ruwansu a 7.4 na ma'aunin pH. Da ka fito da su, ɗumin ya fara tafiya, iskar kabon ta fara ficewa daga ruwan, tsamin ya gusa. Ƙwayar da ta ji sanyi ko ruwanta ya fara ƙafewa tana canza siffa, kuma na'urarka za ta gani ta rubuta, kai kuma ka ɗora wa magani. Don haka ka samar da dandamali mai ɗumi, ka sa HEPES, sinadarin da ke hana tsami gusawa, a ruwan in babu iskar kabon a wurin awo, ka rufe farantin. Murfin nan ma da nasa: in ya fi ruwan sanyi sai raɓa ta taru a cikinsa, ɗigo-ɗigo ƙanana, kuma kowane ɗigo ƙwallo ne mai watsa haske fiye da cibiya. Ɗumama murfin, ko ka haska ta ƙasa. Goge gindin gilashin da takardar lensi kafin ka ɗora shi, don busasshen ɗigon ruwan reno yakan bar farin gishiri, tabon yatsa ma yana bayyana a awo.

Yawan ƙwayoyin ya zama ɗaya a kowane faranti, kwanakin da suka yi bayan shuka su ma ɗaya. Waɗanda suka sami fili sukan baje cibiyarsu ta yi faifai, waɗanda suka cunkushe kuwa sukan miƙe tsaye. Ga kuma zagayen rayuwar ƙwaya: cibiya tana girma kafin rabuwa, lokacin rabuwar kuma ƙwayar ta dunƙule bangon cibiyar ya narke gaba ɗaya. Duk waɗannan suna cikin hasken da zai dawo maka.

Ƙwayoyin mutum ne, don haka safar hannu da rigar aiki da akwatin kariya ba zaɓi ba ne. Abin da ka gama da shi ya shiga ruwan bilic ko tukunyar turiri a digiri 121.

Mataki na biyar: ranar awo

Kunna fitila ka bar ta rabin awa ta natsu. Kashe fitilun ɗaki. Ɗauki duhu, ɗauki fari. Ɗauki farantin da ke da ruwan reno kaɗai babu ƙwaya, a kusurwa ɗaya da tsayi ɗaya, don abin da gilashi da ruwa suka ba da shi ma za a cire shi. Sai farantin ƙwayoyi. Bar shi 'yan mintoci a kan dandamali ya huce daga girgizar ɗauko shi. Auna wurare da dama, kowanne folaraiza a daidai sannan a gicce, ka rubuta matsayin kowane wuri don ka iya komawa kansa.

Kafin ka zuba magani, auna wuri ɗaya sau da yawa cikin rabin awa ko awa guda. Layin ya tsaya cik. In yana gusawa tun yanzu, nemo dalilin, don ruwa ba ya tsami banza: ko fitila ce, ko ɗumi, ko farantin ya zame, ko hasken da kansa ya fara cutar da ƙwayoyin. Shuɗin haske yana sa ribofilabin, wato bitamin B2, da ke ruwan reno ya fitar da sinadarai masu ƙona ƙwaya, HEPES kuma yana ƙara wa abin ƙarfi. Shi ya sa murfin fitila ke buɗewa daƙiƙun awo kawai.

Zuba maganin a hankali daga gefe, da ɗuminsa, ba tare da ka motsa farantin ba. A gefe guda ka sami faranti na biyu da aka zuba masa ruwan da aka narka maganin a ciki kaɗai, galibi DMSO, daidai gwargwado. Yana da kyau ka sami na uku da aka ba shi abin da kowa ya san yana sa ƙwaya ta kashe kanta cikin tsari, kamar sitorosiforin, don ka ga yadda mutuwa ta gaskiya take bayyana a na'urarka. Ka duba launin maganinka ma. Dokzorubisin ja ne, yana shanye haske wajen 480 kuma yana fitar da nasa wajen 590. Auna shi shi kaɗai a faranti marar ƙwaya, in ba haka ba za ka ɗauki launin magani a matsayin canjin ƙwaya.

Da ka gama, sake ɗaukar fari. In ya bambanta da na safe fiye da kima, awon ranar yana da alamar tambaya.

Mataki na shida: fassara

Fara da abin da ba ya bukatar dogon zato, wato gangarar layin. Zana ƙarfi da zango a ma'aunin logarizim, ka ga yadda yake sauka daga shuɗi zuwa ja. Gangara mai tsanani, wadda ta doshi irin ta Rayleigh, tana nuna ƙananan abubuwa ne suka rinjayi warwatsuwar. Mai kwanciya tana nuna manya. Aikin Judith Mourant da abokanta a Los Alamos ya nuna cewa babban rabon hasken da ƙwaya ke watsawa zuwa gefe da baya daga ƙananan abubuwa yake fitowa, masu girman maitokondiriya, wato 'yan sassan da ke samar wa ƙwaya makamashi, da ƙasa da haka. Shi ya sa gangara kan motsa da wuri in ƙwaya ta fara hanyar mutuwa, tun kafin ido ya ga ta tsuke. Ƙungiyar Irving Bigio a Boston da ta Adam Wax a jami'ar Duke duk sun ba da rahoton irin wannan canji na wuri a ƙwayoyin da aka ba magani.

Daga nan sai tuddan. Cire gangarar, ka zana abin da ya rage a kan ɗaya bisa zango maimakon zango, don a haka tuddan ke jeruwa da tazara ɗaya, lissafin Fourier, mai ciro tsarin da ke maimaituwa, kuma ya iya ƙirga su. To a nan ne za ka yi karo da wata gaskiya. Cibiyoyi biyu da kaurinsu ya bambanta da maikiromita 0.1 kacal, tudun ɗaya yana faɗawa a kwarin ɗaya, su share juna. Cibiyoyin daji kuwa bambancinsu ya ninka haka sau da yawa. Saboda haka in haskenka ya rufe ɗaruruwan ƙwayoyi, kada ka sa ran ganin matsattsun tuddan nan. Abin da zai rage shi ne gangara da wata lanƙwasa mai faɗi. Idan kuwa ka ga tuddai masu kyau reras daga taron ƙwayoyi, fara da zargi: siririn fili tsakanin gilasai biyu, ko kaurin shimfiɗar ƙwayoyin kanta, ko na'urar ɗaukar hasken, duk suna iya haifar da irinsu. Matsa zuwa inda babu ƙwaya, in tuddan suna nan, ba na cibiya ba ne. Wanda ke son tuddan da gaske sai ya matse haskensa a kan ƙwaya ɗaya, kamar yadda ƙungiyar Perelman ta yi a 2007 da ta haɗa hanyar da madubin konfokal, mai duba siririn yanki ɗaya a lokaci guda, ko ya auna yadda hasken ke rarrabuwa a kusurwoyi, kamar yadda Wax ya yi.

Mataki na gaba shi ne dacewa da lissafin Mie. Ka gina tarin layuka na lissafi, kowanne da matsakaicin girmansa, da faɗin bambancin girma, da lambar lanƙwasa, duk a kusurwar na'urarka, sannan kwamfuta ta nemo wanda ya fi kama da naka. Kada ka tsaya a kan na ɗaya. Dubi goma na farko. In duk sun taru a wuri ɗaya, amsarka tana da ƙarfi. In ɗaya ya ce maikiromita 7 wani ya ce 11 kuma kuskurensu kusan ɗaya, awonka bai isa ya raba gardama ba, kuma haka za ka rubuta. Wannan yana yawan faruwa, don a lanƙwasa mai faɗin nan girma da bambancin lambar lanƙwasa a haɗe suke shigowa: ƙaramar cibiya mai babban bambanci tana iya kama da babba mai ƙaramin bambanci. Kama da wane kuwa ba ta wane.

Akwai kuma zato biyu da lissafin ya ginu a kansu. Na ɗaya, cewa cibiya ƙwallo ce mai ciki iri ɗaya. A ƙwayar da ta manne da gilashi cibiya faifai ce, faɗinta ya fi tsayinta, cikinta kuma cike da dunƙulen kiromatin, wato zaren ƙwayoyin gado. Hasken da ya sauko daga sama ya koma tsayin yake ji, madubi kuwa faɗin yake nuna maka. In siffar ta yi nisa da ƙwallo, akwai lissafin T-matrix da ke ɗaukar siffar ƙwai. Na biyu, cewa lambar cibiya ta fi ta ruwan ƙwayar da ke kewaye da ita. An daɗe ana ɗaukar haka, sai a 2016 ƙungiyar Jochen Guck a Jamus ta auna ta samu akasin haka a layukan da ta gwada, wasu kuma suka maimaita suka samu irinsa. Don haka tarin layukanka ya ƙunshi lambobin da ke ƙasa da ta kewaye, kada ka kulle kwamfuta a gefe ɗaya.

Wajen ƙirga, faranti ɗaya da ka auna sau ɗari, faranti ɗaya ne. Maimaita aikin gaba ɗaya a ranaku uku dabam-dabam aƙalla, da ƙwayoyin da aka shuka dabam.

Mataki na bakwai: gani da ido

Gani ya kori ji. Da an gama awon ƙarshe, kafin ka ɗauke farantin, zuba rinin Hoechst 33342, wanda ke shiga cibiyar ƙwaya tana raye. Ɗauki hoton wuraren da ka auna ɗin nan, in da hali da madubin konfokal, yanki-yanki daga ƙasa zuwa sama don ka sami tsayin cibiyar tare da faɗinta. Kada ka yi kwatancen da ƙwayoyin da aka jiƙa a fomalin ko barasa, don jiƙawar kan sa su tsuke. A wani farantin da ya sha irin hasken da wannan ya sha, yi gwajin rinin tirifan shuɗi, wanda matattun ƙwayoyi kaɗai ke sha, ka kwatanta da farantin da bai bar inkubeta ba. Haka za ka san ko awonka da kansa ya kashe wasu.

In lambar haske da ta madubi suka dace, ka rubuta duka biyun tare da kusurwar na'urarka, da lambobin lanƙwasar da ka yi zato, da sakamakon ƙwallayen ranar. In suka saɓa, fara duba ko tsayi kake kwatantawa da faɗi. In ba wannan ba ne, sake ɗora ƙwallayen folistirin a kan na'urar ba tare da ka taɓa komai a jikinta ba, ka ga ko ita ce ta gusa. In ƙwallayen sun fito daidai, to matsalar tana cikin zaton da ka ba lissafi, sai ka koma tarin layukan ka faɗaɗa shi.